Sake Wa Tuwo Suna: Kalmomin Da Ke Rufe Ƙofar Tambaya

 

Idan saurayi ya faɗa hannun wata jama'a mai tsananin riƙo ga mabiyanta, sau da yawa abin da ya kan fara sakewa gare shi harshensa ne, tun kafin tufafinsa, tun kafin abokan zamansa. Kalmomin da kowa ya sani a gida sai su komo bakinsa da wata ma'ana dabam. "'Yan'uwa" ta daina nufin waɗanda suka sha nono ɗaya da shi, ta koma nufin mutanen jama'ar. "Gaskiya" ta zama sunan ƙungiya. Tambayar da uba ya yi ta zama "shubuha", hawayen uwa kuwa su zama "jarrabawa". To, abin dubawa a nan shi ne, shin laifi ne wata jama'a ta keɓanta da kalmominta? In kuwa ba laifi ba ne, a wane wuri ne kalma ta ke tashi daga zama kayan aiki ta koma takunkumi?

Amsar kashi na farko mai sauƙi ce. Babu wani fanni na ilmi, babu wata sana'a, da ba ta da kalmominta, su ne Larabawa ke kira isɗilahi. Masu nahawu suna da mubtada'i da habari, da fa'ili da maf'uli. Masu fiƙihu suna da farilla da mustahabbi, da ƙabli da ba'adi. Maƙera da majema da dillalan shanu kowa da tasa. Amfanin isɗilahi shi ne taƙaita hanya: maimakon malami ya riƙa maimaita jimla mai tsawo, sai ya faɗi kalma guda. Ma'anarta kuwa a rubuce ta ke. Yaron da ya buɗe Ajrumiyya ko Ahalari zai sami bayaninta, kuma in malaminsa ya yi kuskure a kanta, littafin yana nan, ana iya kawo shi a gaban kowa. Saboda haka ne malamai suka ce ba a jayayya a kan isɗilahi, muddin an san abin da a ke nufi da shi.

Kalmar da a ke magana a kanta a yau wata iri ce. Ma'anarta tana hannun shugaba, shi ke faɗaɗa ta, shi ke ƙuntata ta. Tana zuwa da hukuncinta a cikinta, ta yadda wanda ya furta ta ya riga ya yanke shari'a tun bai ji shaidu ba. Tarihin Musulunci ya ga irinta tun ƙarni na farko, kuma babu misalin da ya fi na Hawarijawa bayyana.

A shekara ta 37 bayan Hijira, watau 657 Miladiyya, rundunar Sayyidina Ali da ta Mu'awiya, Allah ya yarda da su, suka gwabza a Siffin, a gefen kogin Furatu. Da aka amince a sa mutum biyu, Abu Musal Ash'ari da Amru ɗan Asi, su duba rikicin, sai wata ƙungiya daga rundunar Ali ta ware, ta sauka a ƙauyen Harura kusa da Kufa. Takensu shi ne "La hukma illa lillahi", watau babu hukunci sai na Allah. Babu Musulmin da zai musa wannan jimla, gama daga Alƙur'ani aka ciro ma'anarta, a Suratul An'ami da Suratu Yusufa. Nan ne ƙarfinta ya ke, nan ne kuma haɗarinta ya ke. Wanda ya ƙi ta ya zama kamar ya ƙi Alƙur'ani. Wanda ya karɓe ta kuwa sai a ce masa to, ya yarda ke nan Ali ya kafirta. Suna ɗaga murya da ita a masallaci yana tsakiyar huɗuba, domin ba a yi ta don a tattauna ba, an yi ta don a rufe baki. Amsar Sayyidina Ali, wadda Imamu Muslim ya ruwaito, ita ce maganar gaskiya ce, amma ɓata a ke nufi da ita.

Abin da Abdullahi ɗan Abbas ya yi da ya shiga sansaninsu ya cancanci a tsaya a kansa. Bai kawo musu wani take da zai kara da nasu ba. Tambayarsu ya yi su faɗa masa, ɗaya bayan ɗaya, abin da su ke zargin Ali da shi. Wannan tambaya kaɗai ta tilasta musu su kwance ƙunshin, su fito da abin da ke ciki da magana irin ta kowa. Suka ce abu uku ne: ya sa mutane hukunci a al'amarin Allah, ya yi yaƙi bai kama bayi ba bai ɗebi ganima ba, ya kuma yarda a goge laƙabinsa na Sarkin Muminai daga takardar sulhu. Da zargin ya fito fili haka, sai ya zama abin da a ke iya aunawa. Ɗan Abbas ya tuna musu cewa Allah da kansa ya sa mutane hukunci a kan dabbar da mai harami ya farauta, ko da zomo ne, a Suratul Ma'ida, ya kuma yi umurni a naɗa masu sulhu biyu tsakanin miji da mata a Suratun Nisa'i. Ya tambaye su, jinin Musulmi ya fi muhimmanci ko zomo? Game da bayi, ya tambaye su ko a cikinsu akwai wanda zai kama Uwar Muminai A'isha baiwa. Game da laƙabi, ya tuna musu ranar Hudaibiyya, sa'ad da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yarda a goge kalmar manzanci daga takarda, wannan kuwa bai fitar da shi daga manzanci ba. A ruwayar Imamun Nasa'i, mutum 2,000 suka komo a sanadiyyar wannan zama. Takensu bai sake ba ko da harafi guda, amma an nuna musu cewa akwai tazara tsakanin jimlar da abin da aka ɗora mata.

Waɗanda suka rage sai ƙamusunsu ya yi ta girma. Mutane suna kiran su Hawarij ko Haruriyya, su kuwa suna kiran kansu "Shurat", watau waɗanda suka sayar da rayukansu ga Allah, suna jingina sunan ga aya ta 207 ta Suratul Baƙara. Mai karatu ya lura da abin da suna irin wannan ke yi wa mai shi. Wanda ya riga ya sayar ba shi da sauran ikon yin ciniki. In ya yi shakka, ya zama mai son warware cinikin da ya ƙulla da Ubangijinsa. Sunan da ya ɗaukaka shi, shi ne ya ɗaure shi.

Masu tarihi, ciki har da Ɗabari, sun kawo labarin Abdullahi ɗan Habbabu, wanda ubansa sahabi ne daga cikin na farkon musulunta. Hawarijawa suka tare shi a hanya tare da iyalinsa mai tsohon ciki. Suka nemi ya ba su hadisi daga ubansa, ya ba su hadisin fitinar da wanda ke zaune a cikinta ya fi wanda ke tsaye alheri. Suka tambaye shi ra'ayinsa game da Ali, ya faɗi alheri. Suna tafe da shi sai ɗayansu ya tsinci dabino guda da ya faɗo ya jefa a baki, 'yan'uwansa suka yi masa ca, ya ci abin da bai saya ba, sai ya tofar. Wani ya sari aladen wani Kirista mai amana, suka ce wannan ɓarna ce a bayan ƙasa, suka nemo mai shi suka biya shi. Sa'an nan suka kwantar da ɗan Habbabu a bakin kogi suka yanka shi, suka farke cikin matar. Mutanen nan ba su rasa tsoron Allah ba, dabinon ya isa shaida. Abin da ya faru shi ne, a ƙamusunsu dabino yana da sunan "haram", alade yana da sunan "dukiyar amana", amma mutumin da ke gabansu an riga an ba shi sunan da ke halatta jini. Zuciya tana tsoron aikin da ta gane sunansa. In an sake wa tuwo suna, sai ta wuce shi ba ta gane shi ba.

Bayan Naharawan, a zamanin Nafi'u ɗan Azraƙu, wanda aka kashe a shekara ta 65 bayan Hijira kusa da Ahwaz, al'amarin ya kai matuƙa. Littattafan da suka yi bayanin ƙungiyoyi, irin su Maƙalat na Ash'ari da Milal wan Nihal na Shaharastani, sun adana kalmomin mabiyansa. Sansaninsu shi ne "gidan hijira", sauran ƙasar Musulmi duka "gidan kafirci". Wanda ya yarda da ra'ayinsu amma bai baro gidansa ya zo ba, sunansa cikin "ƙa'ada", watau mazauna. A Larabci wannan kalma daga zama ta fito, ba wani abu ba, irin zaman da tsoho ke yi a ƙofar gida. Amma sun ɗauko nauyin ayoyin Suratut Tauba da suka zargi waɗanda suka noƙe wa yaƙin Tabuka, suka ɗora mata, har zama ya koma kafirci. Najdatu ɗan Amiru, wanda shi ma Bahawarije ne, ya rubuta wa Nafi'u yana tuna masa cewa surar nan da kanta ta ɗauke laifi daga raunana da marasa lafiya, kuma Suratun Nisa'i ta yi wa mai fita da mai zama duka alkawarin kyakkyawan sakamako, ko da ya ke ta fifita mai fita. Bai ji ba. Akwai kuma "isti'irali". A Larabcin yau kalmar tana nufin faretin soja ko bitar abu. A bakinsu tana nufin a bi mutane da takobi ba tare da tambayar wane ne wannan ba, har mata da yara. Kalma ce mai santsi, ba jini a jikinta, mutum na iya furta ta bayan sallar asuba bai ji komai ba. Mutanen Basra da suka bi Abdullahi ɗan Ibali sun ƙi wannan hanya, suka ce mai saɓo ya butulce wa ni'ima ne, bai zama mushiriki ba, jininsa bai halatta ba. Bambancin kalma guda ya tsare rayuka masu yawa, kuma Ibadawan Oman da na Aljeriya har yau ba su yarda a kira su Hawarijawa.

Mubarrad ya kawo wani labari a cikin Alkamil wanda ya kan ba da dariya kafin ya ba da tsoro. Wasilu ɗan Aɗa'u yana tafiya da ayari sai suka yi kiciɓis da Hawarijawa. Ya ce wa abokan tafiyarsa su bar shi ya yi magana. Da aka tambaye shi su wane ne, sai ya ce su mushirikai ne masu neman mafaka domin su ji maganar Allah. Nan take aka ba su mafaka, aka karantar da su, aka kuma raka su har inda za su amintu, bisa ga aya ta 6 ta Suratut Tauba. Da ya ce su Musulmi ne da an yi musu tambayoyin da ƙila ba za su tsira ba. Wasilu masanin harshe ne, ya gane cewa mutanen nan lamba su ke karantawa, ba fuska ba.

Kada mai karatu ya zaci wannan cuta ta Larabawa ce, ko ta Musulmi kaɗai. Wani likitan ƙwaƙwalwa na Amurka, Robert Lifton, ya zauna a Hong Kong a 1954 da 1955 yana hira da mutanen da suka fito daga gidajen sake tunani na gwamnatin Kwaminis ta Sin. A littafin da ya fitar a 1961 ya lissafa alamomi 8 na wurin da a ke mallake tunanin mutum, ɗaya daga cikinsu kuwa ita ce ɗora wa harshe kaya. Ya nuna yadda a ke matse manyan matsalolin rayuwa cikin 'yan gajerun kalmomi masu sauƙin haddacewa, waɗanda da zarar an furta su tunani ya tsaya cik. Shekaru bayan haka aka ga abin a Japan. Wani mutum mai suna Shoko Asahara ya kafa ƙungiyar Aum Shinrikyo, ya ɗauko kalmar "powa" daga addinin Buda na Tibet, inda ta ke nufin addu'ar da a ke yi wa mai gargarar mutuwa domin ruhinsa ya sami kyakkyawar makoma. Shi sai ya mai da ita sunan kisa: a kashe mutum domin a cece shi daga zunubin da zai ƙara tarawa. A watan Nuwamba na 1989 almajiransa suka kashe wani lauya mai binciken ƙungiyar, da matarsa, da ɗansu ɗan wata 14. Ranar 20 ga Maris 1995 suka saki iskar guba mai suna sarin a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokiyo, mutum 14 suka mutu, dubbai suka jikkata. A cikin waɗanda suka ɗauki gubar har da likitan zuciya da masu digiri a kimiyya. An rataye Asahara a watan Yuli na 2018. Nisan da ke tsakanin Tokiyo da Ahwaz ya fi ƙarfin kwatanci, amma "powa" da "isti'irali" aiki ɗaya suka yi.

A nan ne tambaya mai wuya ta ke. In kalma tana iya rufe wa mutum ido har haka, shin mabiyi yana da uzuri? Shari'a ba ta bar wannan ƙofa a buɗe ba. Abu Dawuda da Ibnu Maja sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin wasu mutane daga al'ummarsa da za su sha giya suna kiranta da wani suna. Malaman fiƙihu suka fahimta daga nan cewa hukunci yana bin haƙiƙanin abu, suna ba ya ɗauke shi. Wanda aka kashe ya mutu, ko da wane suna aka kira kisan, kuma magadansa suna da haƙƙi. Amma adalci ya hukunta a bambanta tsakanin wanda ya ƙera kalmar da wanda aka ɗura masa ita yana ɗan shekara goma sha biyar. Na farko ya san tsohon sunan, ya ɓoye shi da gangan. Na biyu wataƙila bai taɓa jin wani ba. Nauyin da ya rage a wuyan mabiyi shi ne na ranar da zuciyarsa ta yi masa ɗar, gama ta kan yi, sai ya ɗauko kalmar ya danne ta da ita. Wannan dannewa aikinsa ce, ba ta shugaba ba. Kuma ko bayan mutum ya fito daga irin wannan jama'a, kalmomin su kan biyo shi. Sai ya so ya yi tunani a kan abin da ya same shi, ya tarar babu kalmomin tunanin sai nasu. Mai son taimakonsa ya yi haƙuri da shi har ya koyi kiran uwarsa uwa, ya kira tsoro tsoro.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga wannan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi rubuce-rubuce masu yawa, ciki har da Nasa'ihul Ummatil Muhammadiyya, yana raddi ga wasu ɗalibai da suka haddace isɗilahin ilmin tauhidi suka mai da shi shingen shiga Musulunci. Su tare talaka su yi masa tambaya da kalmomin da bai taɓa ji ba, in ya kasa su ce imaninsa bai inganta ba, ba a cin yankansa. Shehu ya ce wanda ya yi shahada ya bayyana Musulunci Musulmi ne. Wannan ya nuna cewa ko isɗilahi na ƙwarai yana iya zama makami in an ɗauke shi daga makaranta aka kai shi bakin ƙofa. A wannan zamani kuma, rabuwar da ta auku a 2016 tsakanin Abubakar Shekau da Abu Mus'ab Albarnawi, ɗaya daga cikin manyan dalilanta shi ne hukuncin Musulmin da ya zauna a garinsa ƙarƙashin gwamnati bai yi "hijira" zuwa daji ba. Watau tambayar "ƙa'ada" ce ta Nafi'u da Najdatu ta komo bayan shekara fiye da 1,300, talakawan kasuwanni da masallatai na Borno kuwa su suka biya kuɗinta da jininsu.

Sai dai akwai wani tarko da ya kamata mai karatu ya kiyaya. Kalmar "Hawarij" ita ma ta zama dutsen jifa. Akwai mai mulkin da ke kiran duk wanda ya yi masa nasiha da ita, akwai mai wa'azin da ke rufe bakin abokin jayayyarsa da "ɗan bidi'a" ko "munafuki" ko "maƙiyin Annabi", jama'a su yi kabbara, a tashi ba a ji hujjar kowa ba. Wanda ya yi haka ya ari kayan aikin mutanen Harura ko da yana zaginsu.

Sayyidina Ali, wanda ya fi kowa shan wuyarsu, bai yi haka ba. Ibnu Abi Shaiba ya ruwaito cewa an tambaye shi ko mushirikai ne, ya ce daga shirka suka gudo. Aka ce ko munafukai ne, ya ce munafukai ba su ambaton Allah sai kaɗan. Aka ce to mene ne su, ya ce mutane ne da suka yi masa tawaye. Ya sanar da su daga kan mumbari cewa ba zai hana su masallaci ba, ba zai hana su rabonsu na baitulmali ba muddin hannunsu na tare da na jama'a, ba kuma zai yaƙe su ba sai sun fara. Da ya isa Naharawan a shekara ta 38, abin da ya nema shi ne a miƙa masa waɗanda suka kashe ɗan Habbabu domin a yi ƙisasi. Suka amsa da cewa dukansu ne suka kashe shi. Ko a lokacin sai da aka kafa tutar aminci a hannun Abu Ayyubal Ansari, aka ce wanda ya zo ƙarƙashinta, ko ya koma Kufa ko Mada'in, ba a taɓa shi, kuma da yawa suka janye kafin a fara yaƙi.

A watan Ramalana na shekara ta 40, Abdurrahmani ɗan Muljamu ya sare shi da takobi mai dafi a kan hanyarsa ta sallar asuba a Kufa, yana ɗaga murya da tsohon taken nan na hukunci. Aka kama shi aka kawo. Ali yana kwance cikin jini ya kira shi fursuna, ya yi umurni a ciyar da shi a kyautata masa. Ya ce in ya rayu shi zai duba al'amarinsa, in kuwa ya mutu to rai ɗaya ne a madadin rai ɗaya, kada a yi masa gunduwa-gunduwa, kada kuma a kashe wani dabam da sunan an kashe Sarkin Muminai.